Bedi Da 'Yan Gida A Titunan Ƙasar Pauwa

In mutum ya tashi daga Malumfashi ya nufi Ƙanƙara, inda Sarkin Pauwa ya ke zaune, ya zarce ta Sheme ya shiga ƙasar Faskari, ko kuwa ya zagaya ta Funtuwa da Ɗandume ya faɗa Sabuwa, ina roƙonsa ya riƙa duban itatuwan da ke dama da hagun. Muddin yana cikin gonaki zai ga ɗorawa nan, kaɗanya can, ga tsamiya, ga kuka, ga gawo, ko wanne da irin tsayinsa da irin inuwarsa. Amma da ya shiga gari sai abin ya sake. Bakin titi bedi, ƙofar asibiti bedi, filin makaranta bedi, tashar mota bedi, sai fa ɗan turare ko mangwaro jefi-jefi. Wannan shi ne abin da na ke so mu duba tare, ni da 'yan'uwana almajirai, malamanmu kuwa su gyara mini inda na karkace. Gama yawancinmu in mun fita daga nan garuruwa da ƙauyuka za a rarraba mu, da wuya kuwa a yi dashen itatuwa a gari ba a nemi malamin makaranta da yaransa ba.

Bedi dai, wanda Kanawa ke kira darbejiya, waɗansu dogon yaro, waɗansu maina, baƙo ne a ƙasar nan, ko da ya ke yaron yanzu in ka faɗa masa haka sai ya yi maka musu. Asalinsa daga Indiya da Bama ya ke. An kai shi Gwalkwas, watau Gana ta yau, zamanin Gwamna Guggisberg, wanda ya yi mulki daga 1919 zuwa 1927. A 1928 aka dasa shi a lardin Barno, ƙasar ta karɓe shi, cikin shekarun 1930 kuwa aka yaɗa shi zuwa Sakkwato da Katsina da Kano. Sa'an nan hankalin Turawan daji a tashe ya ke, don wani shaihin malaminsu mai suna Stebbing ya rubuta a 1935 cewa hamada tana matsowa kudu, har aka tashi waɗansu masana na Ingila da na Faransa suka zagaya iyakar Nijeriya da Nijar cikin 1936 da 1937 don su gani da idonsu. Ana neman itace mai saurin girma, mai jimirin fari, mai ba da itacen wuta da na gini. Sai ga bedi. En'e ta riƙe shi hannu biyu, aka jera shi a hanyoyi da kasuwanni da bariki. Da aka yi gyaran mulki na 1976 ƙananan hukumomi suka gaji En'e, suka gaje ta har da bedinta.

Kada a ce na zo cin zarafin baƙo. Cikin Maris da Afril, sa'ad da rana ke narka kwalta, kuka ta tuɓe tsirara, bedi na nan kore shar. Shekara uku ko huɗu ya isa a zauna a gindinsa. Awaki ba su damu da shi ƙwarai ba saboda ɗacinsa, gara ba ta cika cin katakonsa ba, ganyensa a kan dafa don zazzaɓi, a kan kuma zuba shi cikin rumbu don ƙwari. A kwarin Majiya, cikin jihar Tawa ta Nijar, tun 1975 aka shiga jera shi layi layi don ya tare iska, gonakin gero suka huta. Wanda ya yi mana wannan hidima duka ya ci a gode masa.

To, ina laifin? Laifin ba na bedi ba ne, namu ne, da muka ɗora masa gari duka shi kaɗai. Manomi mai hankali ba ya cika gonarsa da iri ɗaya, sai ya sa gero ya sa dawa ya ratsa wake, don in wannan ya ƙi wancan ya yi. Itatuwan gari ma haka ne. Cikin shekarun 1980 wani ɗan ƙwaro mai manne wa ganye ya faɗa wa bedi a ƙasashen da ke kewaye da tafkin Cadi, ya busar da masu yawa. Wajen 1990 kuma aka ga wani sabon abu a Nijar, har ya ketaro arewacin Nijeriya: bedi ya riƙa kakkaɓe tsohon ganyensa, sai ɗan tuntu a ƙarshen reshe, daga nan waɗansu su mutu. Masana suka fi karkata ga cewa wahalar fari ce da taurin ƙasa. Allah ya sa abin ya tsaya inda ya tsaya. Mutanen Ingila ba su sami wannan sauƙi ba. Suna da wani itace mai suna elm wanda ya cika hanyoyinsu da gefen gonakinsu, daga ƙarshen shekarun 1960 wata cuta da ƙwaro ke ɗauka daga itace zuwa itace ta kashe musu fiye da miliyan 25. Mu ɗauka irin wannan ta sauka a kan bedi, Allah ya kiyaye. Ina mai tebur zai zauna a kasuwar Ƙanƙara, ina yara za su fake a filin makaranta?

Ga kuma wata magana wadda ta fi wannan kusa da tukunya. Bedi inuwa ya ke bayarwa da itace, ba ya sa kome cikin miya. Dubi ɗorawa kuwa. Garinta a sha, kalwarta a yi daddawa, ɓawonta a jiƙa a yi makuba ta shafen soro da daɓe. Kuka ta ba da miya, ta ba da garin kwalba da nono, ɓawonta a tuƙa igiya. Tsamiya ta shiga kunu. Kaɗanya a sha 'ya'yanta da farkon damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ƙwallonta kuwa mata su yi man kaɗe, wanda yanzu har Turai a ke saye don kayan shafa da alewar cakulan. Bagaruwa ta majema ce. Ƙirya ita ce turmi da taɓarya da gawayin maƙera. Kanya da ɗinya da kurna da magarya, wa ya yi yarinta a ƙasar nan bai tsinka ba? Ni allon da na fara karatu da shi na aduwa ne, tawadar kuwa da ƙaro a ke haɗa ta. Kusan ba wata sana'a ta Bahaushe wadda ba ta jingina ga wani itace ba. Shi ya sa sunayensu suka zauna a bakinmu har muka raɗa wa wurare: ga Rimi a nan Katsina, ga Ɗorayi da Kurna a Kano, ga Ƙofar Doka a Zariya. Sardaunan Sakkwato kansa, da aka nemi laƙabin da ya dace da girmansa, Gamji aka ce.

Dā ba a damu da a dasa waɗannan cikin gari ba, don daji na nan cike da su, manomi kuma in yana sassabe ya kan bar masu amfani a tsaye. Kudancin Katsina ƙasar itace ce, ruwanta na shekara ya kan kai wajen inci 40, alhali birnin Katsina bai cika samun 30 ba, don haka ne a ke ganin doka da maje da madobiya a wajen Faskari da Sabuwa. Amma jama'a ta yawaita, gonaki sun cinye saura, masu gawayi sun bi ƙirya da marke, injin yankan katako ya bi maɗaci da kawo. Madobiya an yi ta lodinta daga sassan Nijeriya zuwa ƙasar Sin, har aka sa ta a 2016 cikin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ke tsaron cinikinsu, a 2018 aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya, a 2022 kuma aka ƙara maɗaci da kawo cikin lissafin. Tsofaffin ɗorayi da kaɗe na nan a gonaki, amma ka duba gindinsu, ba ka ganin 'ya'yansu na tasowa, garma da awaki sun gama da su.

Sa'an nan ga masifar ɓarayin daji. Ba sai na tuna wa kowa daren 11 ga Disamba 2020 ba, da aka kwashe ɗaruruwan 'yan makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A cikin shekarun nan dazuzzukan da ke tsakaninmu da Zamfara da Birnin Gwari suka zama wurin tsoro, matan da suka saba sammako tsintar kaɗe ko roron ɗorawa suka dangana, mutanen ƙauyuka da yawa suka kwararo cikin gari, ko wane gida kuwa da murhunsa. A watan nan na Disamba 2020 ne gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar ɗaukaka gandun dajin Kogo ya shiga cikin manyan gandayen ƙasa, abin murna ne, amma tsohuwa mai neman kalwa ba can za ta ba. Ɗorawar da ke bayan makaranta, cikin gari, inda yarinya za ta je ta dawo lafiya, yanzu darajarta ta ninka ta dā.

Aikin wa ke nan? Manyan ayyuka sun zo, kamar aikin dashen itatuwa na Katsina da Tarayyar Turai ta taimaka aka fara a 1987, da Babbar Ganuwar Itatuwa wadda ƙasashen Afirka suka amince da ita a 2007, Nijeriya ta kafa mata hukuma a 2015, Katsina na cikin jihohi 11 da ta shafa. Amma galibin waɗannan fuskarsu arewa ta ke, wajen tare hamada. Titin cikin gari na ƙaramar hukuma ne. Tsarin mulki na 1999 ya lissafa ayyukanta, a ciki har da gyaran hanyoyi da tituna da magudanan ruwa, da lambunan shaƙatawa da filayen jama'a. Saboda haka shugaba da kansiloli da malamin daji na ƙaramar hukuma, tare da hakimi da dagatai da masu unguwa, su ne za su ce ga abin da za a dasa.

Sai dai fa ba ko wane ɗan gida ya dace da ko wane wuri ba, nan ne kuwa ilmi ya ke. Hausawa sun riga sun auna inuwoyi: sun ce inuwar giginya na nesa ka sha, sun ce inuwar bagaruwa ga sanyi ga ƙaya. Wanda ya dasa giginya a ƙofar asibiti don marasa lafiya su huta ya yi aikin banza, in ma ɗanta bai faɗo kan wani ba. A babban titi ni ban ga kamar maɗaci ba. Yana miƙewa sama ya buɗe kai, mota ta wuce ƙarƙashinsa, ganyensa kuwa ba ya ƙarewa da rani. Wanda ya ga tsofaffin layukan maɗaci a unguwannin Turawa na Kano da Kaduna da Zariya ya san abin da na ke faɗi. Akwai wata tsutsa mai huda kan tsironsa ta sa shi ya yi rassa tun yana ƙarami, mai neman katako ya kan ji haushin wannan, mu masu neman inuwa kuwa gaba ta kai mu. Babban maƙiyinsa masu saɓar ɓawo ne don magani. In aka zagaye gindin da wuƙa, hanyar abincinsa ta yanke, sai ya bushe a tsaye. Sai a ba shi taki goma sha biyu tsakaninsa da ɗan'uwansa, a kuma kauce wa wayar lantarki.

A kasuwa da tasha tsamiya ce sarauniya. Inuwarta mai kauri ce, reshenta ba ya karyewa da iska, ta kan yi shekaru fiye da ɗari. Larabawa sun kira ta dabinon Indiya, amma asalinta na Afirka ne, daga nan ta je can, kamar yadda bedi ya zo nan daga can. Na sani akwai masu cewa tsamiya da kuka gidan iskoki ne, ba su son su kusa da gida. Ni dai a gindin tsamiya na yi shekaru ina biya allo, dare da rana, ban gamu da kowa ba sai kunama. A karar shanu da awaki sai gawo, don shi al'amarinsa a juye ya ke: da damina ya kakkaɓe ganye, da rani ya yi kore, ya zubo da 'ya'ya dabbobi su ci. Durumi da ceɗiya da gamji tun kakanni su ne na ƙofar fada da dandali da masallacin Idi, amma saiwarsu mai yawo ce, ta kan tsaga katanga ta shiga rijiya ta toshe kwata, don haka sai fili mai faɗi. Rimi ma haka, ga shi da sakin reshe. Ɗorawa da kanya da ɗinya da kuka su tafi filin makaranta da gefen maƙabarta da bakin rafi. Ƙananan lunguna kuwa, inda ba sarari, kurna ta isa.

To, in haka abin ya ke, me ya hana? Na farko gaggawa. Shugaban ƙaramar hukuma shekarunsa kaɗan ne a kan kujera, yana so a ga aikinsa tun yana kai. Ɗorawa da tsamiya sai sun kusa shekara goma kafin su yi 'ya'ya, kaɗanya ta kan kai goma sha biyar ko ashirin. Na biyu rashin tsaro bayan dashe. Sa'ad da na ke makarantar midil an taɓa kawo mana dashe daga wata ƙaramar hukuma, akwai bedi, akwai maɗaci da tsamiya kaɗan. Sai da damina ta kusa ɗaukewa suka iso. Manya suka zo, aka yi jawabi, aka ɗauki hoto, muka tona ramuka da ba su fi zurfin tafin hannu ba muka cusa. Ba shinge, ba wanda aka ce shi zai ba da ruwa. Kafin hunturu ya fita awaki sun cinye maɗaci da tsamiya ƙaf, bedi ne kaɗai ya tsira, saboda ɗacinsa. Sai na ji ana cewa ai itatuwan gida ba su dasuwa. Ashe mu ne ba mu dasa ba.

Dashe na gari ga yadda ya ke. A shuka iri cikin leda tun Fabrairu ko Maris, a fitar cikin Yuli sa'ad da ruwa ya zauna. Rami ya yi ƙafa biyu zurfi, ƙafa biyu faɗi, a gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki da ɗan toka saboda gara. A yanke ledar a cire, kada a binne da ita. A kewaye da ƙaya ko kwandon kara ko bulo mai ƙofofi, a kuma ba shi ruwa rani biyu na farko. Bayan wannan ya kama kansa. Durumi da ceɗiya ma ba su bukatar wannan wahala duka: a sari reshe mai kaurin dantse, wanda ya fi mutum tsawo, a kafa shi da farkon damina, sai ya yi saiwa, ganyensa kuwa tun farko ya fi ƙarfin akuya.

Akwai kuma hanyar da ta fi dashe araha, maƙwabtanmu na Maraɗi ne suka nuna ta. A 1983 wani mutumin Ostareliya mai aikin gona a can, Tony Rinaudo, bayan ya gaji da dasa itatuwan da ke mutuwa, ya lura cewa 'yan tsirrai da manoma ke sarewa ko wace shekara tohon tsofaffin kututture ne, masu saiwa da rai a ƙasa. In aka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi aka bari, aka datse saura, cikin 'yan shekaru sai su zama itace. Manoma suka kira abin sassaben zamani. Bayan shekara ashirin da 'yan kai masu bincike suka ƙiyasta cewa gonakin da suka farfaɗo ta haka, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram, sun kai hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200, gawo ne mafi yawa. Darasin da ke ciki ga ƙaramar hukuma a fili ya ke. Garuruwanmu suna faɗaɗa ne cikin gonaki, gonakin nan kuwa da itatuwansu. Abin da a kan fara yi in an yanka filaye shi ne a kira mai gatari ya kwantar da ɗorawar da ta shekara hamsin, bayan an gama gini a zo a dasa bedi mai tsawon kamu ɗaya, a yi biki. Da ma'aunin filaye zai fara zagayawa da malamin daji, a sa wa manyan itatuwa alama, a karkata layi kaɗan ko a bar wurin ya zama dandalin unguwa, da an sami inuwar shekara hamsin ba a kashe ko kwabo ba.

Ni a ganina ba sai an kori bedi ba. A sa shi aikin raino. In za a dasa layi, a sa bedi a sa maɗaci, a sa bedi a sa tsamiya. Bedi ya yi sauri ya ba da inuwa, mutane su ga aiki, shugaba ya sami abin nunawa. Bayan shekara takwas ko goma, in ya fara danne ɗan gida, a rage masa rassa ko a sare shi a yi amfani da itacen, ɗan gida ya buɗe. Kuma ko wane itace a ba shi mai shi. Abin da aka ce na hukuma ne ba mai kai masa ko moɗa guda ta ruwa. Amma in mai unguwa ya ce wa mai shago tsamiyar nan ta ƙofarka taka ce, kai za ka tsare ta, kai za ka sha 'ya'yanta, aka rubuta haka a littafi, to, akuyar da ta matso ta gamu da sanda. A makaranta kuwa ko wane aji ya ɗauki nasa.

Saura maganar iri, don sau da yawa in ka je lambun renon itatuwa ka tambayi ɗorawa ko kanya sai a ce babu, ba mai kawo irin. Wannan kuwa mu ma muna iyawa in mun je hutu. Tsamiya da kuka da gawo su kan nuna da rani, ƙwayarsu mai tauri ce, ta kan daɗe a ajiye. Kafin shuka sai a tafasa ruwa, a sauke shi daga wuta, a zuba a kan irin a bar shi ya kwana, ko a ɗan kankare gefen ƙwayar da wuƙa. Irin gawo da aka tsinta a garken awaki ya riga ya sha wannan gyara a cikin cikinsu. Ɗorawa ta kan nuna wajen Afril da Mayu, a ɗebi kalwa ɗanya, kada a karɓo wadda aka dafa don daddawa, ta mutu. Maɗaci ƙwallonsa ya kan tsage da rani ya saki iri mai fiffike, a tsince shi da wuri a shuka, ba ya jimirin ajiya. Kaɗanya ta fi kowa tsada a nan: ƙwallonta in ya bushe ya mutu, sai a shuka shi cikin 'yan kwanaki bayan ya faɗo, a wurin da a ke so ya zauna, don saiwarsa doguwa ce ba ta son ciro. Ya kan fara tura saiwa ƙasa ya daɗe bai nuna kai ba, kada a ce ya ruɓe a tone. Wanda zai zo mana da shi daga Faskari ko Sabuwa ya zuba shi cikin yashi mai laima a ƙwarya, kada ya ƙulle shi cikin leda a rana, ya kuma rubuta sunan garin da ya samo shi da ranar da ya tsinta.